Fuskar da Manhaja Ta Ƙi Ganewa

Ciwo dai ba shi da kunya. Da yana da ita, da bai shiga gidan Mai Sola da sanyin safiya ya kama masa rabin fuska ba, mutumin da ko ciwon kai sai ya shekara bai yi ba. Ya tashi lafiya lau, ya ɗebi ruwa zai kuskure baki, sai ya ji ruwan yana bin haɓarsa ta gefen hagu yana sauka a riga. Ya sake gwadawa, haka dai. Ya dubi madubi, ya ga wani mai karkataccen baki yana kallonsa, ido ɗaya a buɗe tar ya ƙi rufuwa. A cikin wannan firgici ne wayarsa ta suɓuce daga aljihun gaba ta faɗa bokiti, ba wanda ya tuna da ita sai da aka dawo daga asibiti.

Likita ya ce a gode wa Allah, ba shanyewar jiki ba ce, jijiyar fuska ce kawai ta kwanta. Kawai! Likitoci akwai su da wannan kalmar. Fuskar mutum ce fa, abin da yake fita da shi kasuwa.

Shi kuwa Mai Sola da fuskarsa yake ciniki. Shagonsa yana bakin titi, farantan sola jingine da bango kamar ƙofofin da ba a kafa ba, batura a jere a ƙasa, inbata masu juya wutar batir ta zama ta gida a cikin kwalaye har rufi. In ka shigo da niyyar tambayar farashi kawai, dariya ɗaya zai yi maka ka fita da kwali a kai. Kayansa duka daga ƙasar waje suke zuwa, daga hannun wani dila da bai taɓa gani ido da ido ba. Da can ta banki yake aika kuɗin kaya, bankin ya yi ta ja masa rai, yau takarda gobe sa hannu, har ya gaji ya koma biya da kirifto, kuɗin intanet, irin wanda darajarsa ba ta tsalle-tsalle. Ya buɗe asusu a wata babbar kasuwar musaya da wani kamfani ke tafiyar da ita, ya zuba jarin shagon gaba ɗaya a ciki. Ƙofar asusun nan ɗaya ce, manhajar da ke cikin wayar da ta sha ruwa.

'Yarsa ce ta sayo masa sabuwar waya. Ilmin kwamfuta ta karanta, amma tun tana ƙarama ake kiranta Lauya, don ba a taɓa gama magana da ita ta yarda an gama ba. Ta sauke manhajar, ya sa lambobin sirrinsa daidai, ba kuskure ko ɗaya. Sai manhajar ta ce ta ga baƙuwar waya, don haka tana son ganin fuskar mai asusu.

Wata da'ira ta fito a allon. Ya sa fuskarsa a ciki.

Ta ce ya ƙifta ido. Na dama ya ƙifta, na hagu ya tsaya yana kallonta.

Ta ce ya yi murmushi. Ya yi. Gefe ɗaya ya ɗaga, ɗayan ya zauna inda yake.

Da'irar ta yi ja. Aka rubuta a ƙasa cewa ba a gane shi ba, ya sake gwadawa a wuri mai haske.

Suka fita tsakar gida, rana tana dukan goshinsa, ya sake. Ja. Ya tallafe kumatun da yatsa ya ɗaga shi sama, manhajar ta ce ya cire hannu daga fuska. Ya kwanta rigingine ko naman zai koma wurinsa, ta ce ya riƙe wayar a tsaye. Daga ƙarshe ta ce ya yi yawan gwaji, ya dawo gobe. Wallahi ransa ya ɓaci, ɓacin da bai yi ba ko a asibiti. Likita ya dube shi ya gane shi, maƙwabta sun gane shi, sai ɗan ƙarfen da ya saya da kuɗinsa ne zai ce bai san shi ba.

Lauya ta rubuta wa masu kula da abokan ciniki na kamfanin. Kafin ta ɗauke yatsa amsa ta zo, da gaisuwa da ban haƙuri da komai, tana ba shi shawarar ya cire tabarau kuma ya goge kamarar wayar.

"Wa ya ce musu ina sa tabarau?" in ji Mai Sola. Maganar tana fita a daddafe, baƙaƙen da ake haɗa leɓe a faɗe su suna zubewa a hanya.

"Ba mutum ba ne, Baba. Na'ura ce take amsawa."

"To a ba ni mutum."

"Akwai layi. Sun ce sai matsala ta kai matsala."

A daidai nan ƙaninsa ya shigo. Auta ake ce masa, shi ne na ƙarshe a ɗakinsu, kuma duk da tazarar shekarun da ke tsakaninsu, in suka jera sai ka rantse tagwaye ne. Hanci ɗaya, goshi ɗaya, har wushiryar. Shi ke jagorantar masu hawa rufi su kafa farantan, kuma tun ranar ciwon shi ke buɗe shago. Mutum ne mai zuciyar taimako, sai dai gaggawa, irin wanda zai ɗauke maka kaya tun kafin ka ce sun yi nauyi.

Ya ji abin da ake ciki, ya zauna a hannun kujera. Lauya kuwa dama tana cike, sai ta samu wurin sauke kaya.

"Na faɗa tun ba yau ba," in ji ta. "Kuɗinka, amma makullin yana hannun wani. Wannan ai kasuwa ce mai maigadi, in ya ga dama ya buɗe maka, in bai ga dama ba ka kwana a waje. Akwai kasuwar da ba ta da maigadi, ba kamfani, ba ofis, ba mai tambayar fuskarka. Kuɗinka suna cikin lalitarka, makullin wasu kalmomi ne da ka riƙe, ka yi musaya da wanda ka so kai tsaye. Da can Baba ya ajiye, da yanzu an wuce wurin. Ku jira ku gani, nan gaba duk kamfanonin nan labari za su zama."

Auta ya yi dariya. "Sannu Lauya, an ci shari'a. To in tambaye ki. Yau fuska ciwon ya kama. Da a ce kai ya kama, Allah ya kiyaye, kalmomin suka bi iska, wa za ki kira?"

"Ba a kiran kowa, Baba Ƙarami. Ai daɗin abin ke nan."

"Daɗi? Ki tura kuɗi wurin da ba shi ba, ba mai dawo miki da su. A yaudare ki, ba inda za ki kai ƙara. Muddin ɗan Adam yana mantuwa yana mutuwa, sai ya nemi maigadi. Kasuwar da ba ta da mai tsawatawa ai ta 'yan wayo ce."

"Mai tsawatawar ne ya kulle yayanka a waje."

"Na ɗan lokaci ne."

Suka yi ta yi, ita ta kawo kamfanonin da suka rushe da dukiyar mutane, shi ya kawo waɗanda suka manta kalmominsu suka zauna suna kallon dukiyarsu ta gilashi. Mai Sola yana tsakiyarsu yana ɗiga magani a idon da ya ƙi rufuwa. A kan kuɗinsa ake musu, a ɗakinsa, amma ba wanda ya juyo ya ce Yaya ko Baba, kai me ka gani. Abin da ya fahimta shi ne, kasuwa ɗaya ba ta damu ta san ko kai wane ne ba, ɗayar kuma ta tambaya ta ce ba kai ba ne. Shi kuwa so yake a tambaye shi kuma a gane shi.

Daga ranar ya ɗaura ɗamara. Likita ya koya masa motsa fuska, shi kuma ya mai da abin sana'a. Ya koma ɗakin ajiya na bayan shago, tsakanin kwalayen inbata da naɗin wayoyi, ya jingina ɗan madubi a kan batir. Ya ɗaga gira, ya kumbura kumatu, ya tura baki kamar mai fito, ya tauna cingam a gefen da ya mutu har muƙamuƙinsa ya yi tsami. Ya sayi balan-balan na yara yana hurawa, iskar tana gudu ta gefen baki. Kowace safiya ya gwada manhajar, kowace safiya ta yi masa ja. Ya ce mata, "Ni da ke ne. Mu zuba."

A ɗakin ajiyar nan ne ya fara jin wani abu da ya fi jan da'ira ciwo. Bango ɗaya ne tsakaninsa da shago, na katako, ba ya riƙe magana. Wani tsohon abokin ciniki ya shigo, ya tarar da Auta a kan kujerar mai shago, ya ɗaga murya da murna.

"A'a, Mai Sola! Ashe ka warware! Aka ce mini bakinka ya koma ƙeya. Kai, mutane da ƙarin gishiri!"

Mai Sola ya tsaya da tauna, yana jiran ya ji Auta ya ce a'a, ƙaninsa ne. Sai ya ji Auta ya yi dariya ya ce, "Mun gode Allah. Me za a kawo maka?"

Ba mugunta ba ce, ya sani. Ciniki ne, ba a son a tsaya dogon bayani mai saye ya huce. Amma ya sake faruwa washegari, ya sake faruwa bayan nan, har masu hawa rufi suka daina leƙowa ɗakin ajiya su tambayi inda za a je aiki. A gida ma haka. A tambaye shi yaya jiki, kafin ya tattaro leɓensa wani ya amsa masa. Yana zaune da ransa da hankalinsa, ana ta raba aikinsa kamar gado.

Ana cikin haka dila ya aiko saƙo. Kayan da Mai Sola ya sa a ware masa suna nan, batura ne masu kyau waɗanda ba a cika samu ba, amma wani ya zo da kuɗi a hannu. In ba a biya kafin ƙarshen mako ba, zai sallama wa wancan. Ga zafi ya kunno kai, lokacin da wutar lantarki ke wasan ɓuya kowa ke neman batir. Wanda ya shiga zafi ba kaya, shekararsa ta tafi.

Ranar da wa'adin ya rage saura kwana ɗaya, da tsakar rana, Mai Sola ya manne idon da filasta kamar yadda likita ya ce, ya kishingiɗa a kan kwalaye don ya huta. Wayar tana caji a shago. Bai daɗe ba ya ji an banko ƙofa.

"Yaya! Yaya, tashi! Ta buɗe!"

Auta ne, wayar a hannunsa, bakinsa har kunne. Lauya tana bayansa, ta zo kawo wa mahaifinta abinci, ko kwanon ba ta ajiye ba.

Mai Sola ya cire filastar ya karɓi wayar. Ga asusunsa a buɗe, ga jarinsa cif yadda ya bar shi, ga sunansa a sama ana yi masa barka da dawowa.

"Yaya aka yi?"

"Cewa na yi bari in gwada sa'a," in ji Auta. "Lambobin dama suna ciki. Ta ce in ƙifta, na ƙifta. Ta ce in yi murmushi, na yi. Sai kore! Ko gardama ba ta yi ba. Tura wa dila yanzu, Yaya. In ta sake neman fuska wurin turawa, ga ni."

Mai Sola ya dubi ƙaninsa. Fuskar da ya yi shekaru yana gani a madubi ce take kallonsa, lafiyayya, tana murna. Ga ni. Yau ga shi, gobe ma ga shi. Duk ranar da za a sayi kaya sai an kira Auta, duk ranar da za a fitar da kuɗin makarantar yara sai an jira Auta ya sauko daga rufin wani. In sun saɓa fa? In Auta ya yi tafiya? Kujera ta riga ta tafi, gaisuwar abokan ciniki ta tafi, yanzu ga ƙofar jarin ita ma ta zaɓi wanda take so. Baƙin ciki tsantsa ya kama shi, ba na kuɗi ba.

Ya juya wurin 'yarsa. "Ina wurin da ake kai ƙara in wani ya shiga asusunka?"

Lauya ta ajiye kwanon a hankali. "Baba, in ka taɓa wurin nan kulle asusun za su yi gaba ɗaya. Ba shiga ba fita, sai sun yi bincike."

"Wa zai yi binciken? Na'ura?"

"Mutum."

"To nuna mini."

"Ka tura wa dila tukuna mana," in ji ta. "Minti nawa ne? In ya so sai ka kai ƙarar."

"Da fuskar wa zan tura?"

Ta miƙa yatsa ta nuna masa wurin. Shi da kansa ya danna, ya zaɓi layin da ya ce wani wanda ba ni ba ya shiga asusuna, ya sake dannawa da aka tambaye shi ko ya tabbata. Allon ya yi fari, sannan ya nuna hoton kwaɗo.

Auta ya dubi kwaɗon, ya dubi yayansa.

"Ni ne wanin? Ni, Yaya? Na bar aikina na tsare maka shago, ko ruwan leda ban sha da kuɗinka ba, yau ni ka kai ƙara wurin baƙi kamar ɓarawo?"

Mai Sola ya tallafe kumatunsa da yatsa don maganar ta fita daidai. "Ban ce ka yi sata ba. Taimako ka yi, na sani, Allah ya saka. Amma kama da wane ba wane ba ne, Auta. In na karɓa yau, na gama zama mai shago, na zama ɗan rakiya."

"To kayan fa? Yaran da ke jiran aiki fa? Girman kai za su ci?"

Wannan ta shige shi, don gaskiya ce. Auta ya zaro makullan shago daga aljihu ya dire su a kan batir, ya fita.

Kayan sun tafi. Dila ya aiko da gajeren saƙo na ban haƙuri, kasuwa ce. Zafi ya shigo da ƙarfinsa, mutane suna zuwa neman batir ana ce musu babu, suna tsallaka titi zuwa shagon da ke kallon nasa. Biyu daga cikin masu hawa rufi suka koma can. Kada wani ya ce maka abin bai yi wa Mai Sola ciwo ba, ya yi, har abinci ya daina yi masa daɗi. Amma washegarin rigimar shi ya buɗe shago da hannunsa, ya zauna a kujerarsa, da hankici a hannu saboda idon da ke zubar da ruwa. Masu shigowa suka yi ta kallonsa suna kawar da kai, wasu su yi ta sannu har ta gundure shi. Ya sayar da wayoyi da ƙwayayen fitila da 'yan abubuwan da suka rage, yana maimaita farashi sau biyu in ba a ji ba.

Kamfanin kuwa bai san gaggawa ba. Suka nemi hoton katin shaidarsa, ya aika. Suka nemi takardar likita, ya aika. Suka yi shiru, ya rubuta musu. Suka sake yin shiru, ya sake rubutawa, kullum bayan ya buɗe shago, da yatsa ɗaya, ya hana Lauya ta karɓa ta rubuta masa. Ita kuma ba ta fasa wa'azinta ba. Wata rana ta buɗe masa tata lalitar ta nuna masa yadda ake musaya a kasuwar da ba maigadi, ya kalla da kyau, ya yi tambayoyi masu ma'ana har ta yi mamaki.

"In an buɗe zan raba ƙafa," in ji shi. "Wani abu a can, wani abu a nan. Amma sai na fara shiga ta ƙofar da aka kore ni."

Auta bai zo shago ba, sai dai yana zuwa aikin rufi, yana aiko da rahoto ta bakin yara. Matar Auta ta zo duba jiki, ta ce kullum sai ya tambaya ko Yaya ya ci abinci.

Ranar da kamfanin ya sa musu lokacin ganawa ta bidiyo, da hantsi, Lauya ta jingina wayar a kan kwalin inbata a ɗakin ajiya, ta kunna fitila mai haske. Mai Sola ya sa rigarsa mai kyau. Kafin a kira ya ɗaga mata yatsa.

"Ko na shekara ina neman kalma, kada ki taya ni."

"Na ji, Baba."

"Ke fa Lauya ce."

"Na ce na ji."

Allon ya buɗe. Wata mata ce, da abin sauraro a kunne, ga alamar gajiya a idonta, ana jin muryoyin wasu ma'aikata a bayanta. Ta gaishe shi, ta dubi fuskarsa, ba ta kawar da kai ba, ba ta kuma ce sannu ba. Wannan kaɗai ya sa ya ji ta kwanta masa.

Ta tambaye shi yaushe ya buɗe asusun, ya faɗa. Wa yake yawan tura wa kuɗi, ya faɗa. Me ya saya a turawar ƙarshe? Nan fa aka zo gidansa. Ya shiga bayanin batura, irin da ke jure zafi da irin da ke kumbura, har da dalilin da ya sa ya daina sayen wancan. Kalmomi suna maƙalewa, yana ja da baya ya sake ɗauko su. Lauya ta cije leɓe ta matse hannuwa a cinya, ba ta taya shi ba. Matar ta bar shi ya kai aya.

"Wanda ya shiga asusun fa, ka san shi?"

"Ƙanina ne. Bai taɓa komai ba. Taimakona ya yi niyya. Laifin na'urarku ne da ba ta bambance mu ba. Ku rubuta haka, kada a sa masa wani suna."

Ta ce ta rubuta. Motsi ya sa Lauya ta waiwaya. Auta ne tsaye a bakin ƙofa da igiyar aiki a kafaɗa, ba a san tun yaushe yake wurin ba. Bai shigo ba, bai kuma tafi ba.

Matar ta ce Mai Sola ya ɗaga katin shaidarsa kusa da fuska. Ta sa ya juya dama, ya juya hagu, ta daɗe tana duban kunnensa da wani ɗan tabo a gefen gira. Ta tambayi tabon, ya ce tsani ne ya zame da shi shekarun baya. Ta duba wani abu a nata allon, ta gyaɗa kai.

"Na gamsu kai ne," in ji ta.

Mai Sola ya sauke katin. Idon hagu dama kullum cikin ruwa yake, yau na dama ma ya taya shi.

"Saura abu ɗaya," in ji matar. "Hoto ɗaya tsarinmu yake riƙewa, shi ne makullin asusu. Zan iya barin tsohon hoton yadda yake har ka warke, kafin nan duk lokacin da kake son shiga sai ka kira, ɗayanmu ya buɗe maka da hannu. Masu irin lalurarka yawanci haka suke zaɓa. Ko kuma in goge shi in ɗauki sabo yanzu, yadda kake. Wanne kake so?"

Lauya ta kasa daurewa. Ta matso ta yi ƙasa da murya. "Baba, a bar tsohon. Za ka warke ai. Kwana nawa ne?"

Ya dube ta da tausayi. A zuwansa asibiti na ƙarshe shi kaɗai ya shiga wurin likita, kuma da ya tambaya ko sauran zai dawo, likitan teburinsa ya kalla ya ce a ci gaba da motsa fuskar, ba a cire rai. Mai Sola ɗan kasuwa ne, ya san yadda ake cewa babu ba tare da an faɗe ta ba. Bai gaya wa kowa a gida ba.

"Yaya," in ji Auta daga bakin ƙofa. "Ka bar shi. Wallahi ba zan ƙara taɓa wayarka ba."

"Na sani," in ji Mai Sola. Ya juya wurin matar. "Goge tsohon."

"Ka tabbata? In na goge ba ya dawowa."

"Waccan fuskar mu biyu ne da ita. Wannan kuwa tawa ce ni kaɗai. Ɗauka."

Ya cire yatsan da ya tallafe kumatu da shi, naman ya sauka inda ya saba sauka. Ya gyara wuyan riga, ya miƙe zaune, ya sa fuskarsa cikin da'irar. Matar ta ce ya yi murmushi. Ya yi iya wanda yake da shi, ta ɗauka.